Ruwan da Siradji Ya Ɗauka

Salamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Sunana Saoudé, mutuniyar Tanout ce ni, ina zaune a unguwar Tayuri, nan Sabha. Ban yi boko ba. Ni ke faɗa, maƙwabciyata Houda na dannawa a waya, kuma na rantsar da ita kada ta gyara mini ko kalma ɗaya. Wanda ya ji zafin bakina ya yi haƙuri, ko kuma ya bari.

Ana yawo da magana a Tayuri cewa wai Siradji ya sace motar maigidansa ya gudu da ɗiyata Ramatou cikin rairayi don su keɓe. Wanda ya ƙaga wannan ƙaryar na san shi, kuma zan faɗi sunansa. Amma ku fara jin abin da ya faru.

Ni kuku ce a wani sansanin shaƙatawa da ke bakin tabkin Gabroun, can cikin tuddan rairayi, tafiya mai nisa daga gari. Masu hali na zuwa da iyalansu su kwana a tanti, su yi wanka a tabki, su hau kat-kat, manyan motocin nan masu shiga rairayi, da moto mai ƙafa huɗu suna tsere kan tudu suna ihu kamar waɗanda aljanu suka taɓa. Tabkin yana da kyau a ido, dabino ya kewaye shi, amma ruwansa gishiri ne zalla. Ko akuya ba ta kai baki. Ruwan sha daga gari ake kawo mana shi a tanka. Mai sansanin sunansa Mansour, muna ce masa Mudir. Ni ke dafawa, Ramatou, autata, ita ke kai wa mata abinci. Siradji kuwa shofer ne, wato direba, ɗan Dakoro, baƙi siriri, ba ya da yawan magana.

Tun bara na lura da su. In ya zo ɗaukar ruwa ɗakin girki sai ya daɗe yana neman murfin bidon, wato jarka, alhali yana hannunsa. Ita kuma sai ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ban hana ba. Yaron yana salla, ba ya shan komai, kuma ya zo ta ƙofa. Da muka koma gari hutu, ya turo manyansa suka kawo gaisuwa wurin Mainassara, ƙanen marigayi mijina, wanda shi ne uba a wurin yarinyar yanzu.

To a ranar ne Mainassara ya zaunar da mu, ya gyara hula, ya ce: "Yaya Saoudé, daga yau wasa ya ƙare. Yaron nan surukinki ne. Ba zai ƙara shiga inda kike ba, ba zai ci a gabanki ba, ba za ki kama sunansa ba. Don muna Libiya ba za mu zubar da kunyarmu ba."

Na ce: "Mainassara, wuri ɗaya muke aiki. Ɗakin girkina nan ne rijiyar sansani."

Ya ce: "Sai ya san dabara. Namiji ne."

Ya kuma kira yaron gefe ya maimaita masa. Tun daga nan Siradji in ya hango ni sai ya kauce ta bayan mota. In mun yi kiciɓis sai ya durƙusa ya tsura wa ƙasa ido har in wuce. Ni ma na koma ce masa "yaron nan". Ba zan ɓoye ba, har daɗi abin ya yi mini. Wace uwa ce ba ta son a ce surukinta mai kunya ne?

Yanzu ga inda Mansour ya shigo. A makon nan tanka ba ta zo ba, zafi kuma ya fara. Sai ya ce a daina wanke tukwane da ruwa mai daɗi, a ɗebo na tabki. Ya sa aka cika bidon-bidon da ke bayan tantina da ruwan gishiri, waɗanda tun da aka kafa sansanin nan ruwan sha ake ajiyewa cikinsu. Na shan kuma aka shigo da shi ciki, bayan tabarmata, don kada a yi ɓarna. Duk shuɗaye ne, duk iri ɗaya.

Na ce: "Mudir, a shafa musu fenti, ko a faɗa wa shoferori."

Ya kaɗa mini hannu da Hausarsa ta kasuwa: "Hajja, kai dafa abinci. Ni san aiki."

Bai faɗa wa kowa ba. Shoferorin ma ba su nan, sun kwana hanya wajen ɗauko baƙi. Ni dai na yayyaga tsumma na ɗaura a hannun na shan, don in riƙa ganewa.

Ranar Juma'a da safe mazan baƙi suka kwashi motoci suka tafi tsere. Cikinsu akwai wani Sanoussi, mai gemu da furfura, wanda ya zo da amaryarsa Khaula. Ita kuma ta ƙwallafa rai sai ta ga wani tsohon tabki da ya ƙafe, ta ɗauki hoto. Da kunnena na ji mijin ya ce wa Mansour: "In za ta je, mota biyu." Wannan ko yaro ya sani a rairayi: mota ba ta shiga ita kaɗai, don in ɗaya ta nutse ɗayar ce za ta jawo ta. Mansour ya dafa ƙirji ya ce a kansa. Suna juya baya ya ba wasu samari motar ta biyu su ma su je tsere, ya ce Siradji ya kai ta shi kaɗai, Ramatou ta raka ta tunda ba a barin matar mutum da shofer.

Ramatou ta leƙo tana ɗaura jan mayafin da yaron ya saya mata a kasuwar Jadid, ta sa atamfarta mai ganye-ganye, har da kwalli.

Na ce: "Ke rakiya za ki ko biki?"

Ta ce: "Kai Inna! Hoto fa za a ɗauka."

"To ki zauna baya. In na ji kin zauna gaba sai na karya ki."

Ta yi dariya ta ruga. Ina tsugune ina yankan albasa na ga inuwar mutum ta zo bakin tanti ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Takalmana suna bakin ƙofa. Sai inuwar ta juya ta bi ta baya. Na ji an ɗaga abu mai nauyi, na ji mota ta tashi. Wallahi ban kawo komai a raina ba. Na ma yi murmushi na ce, yaron nan da kunya yake.

Sai da azahar ta yi, na gama makaroni, na kewaya baya in ɗebi ruwan wanke tukunya. Bidon biyu babu. Na dawo ciki da gudu na ƙirga masu tsumma. Suna nan cif, ba wanda ya taɓa su.

Jama'a, na haihu, na binne miji, na ƙetare Sahara a bayan buɗaɗɗiyar mota, amma ban taɓa jin abin da na ji a lokacin nan ba. Na zauna daɓas a ƙasa, ludayi a hannu. Rana kuwa ta take, rairayi har wani rawa yake yi a ido. Sun ce kafin azahar za su dawo.

A sansanin nan ba a samun rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau babban tudun da ke bayan tantuna. Ni da gwiwoyina ba su kai ni masallaci sai da hutu, na hau shi da rarrafe. Rairayin yana ƙona tafin hannu, in ka taka ɗaya ka zame biyu. Ina kaiwa sama waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne na Ramatou, tun na hantsi. Na kara a kunne.

"Inna! Kin ga wuri kuwa? Mun wuce busasshen tabkin, Anti Khaula ta ce a ƙara gaba wajen wasu dabinai uku, wai hoto ya fi kyau can. Inna, baya na zauna, wallahi!" Sai dariya, da muryar Khaula tana wata magana da Larabci. Sai ta ce: "Ƙishirwa ta dame mu, ɗan goran Anti ya kusa ƙarewa. In mun tsaya za mu buɗe bidon. Sai mun dawo."

Na kira, ba ta shiga. Na sake, ba ta shiga. Lambar yaron kuwa ba ni da ita, don Mainassara ya sa na goge, wai ba ta kamata a wayar suruka ba.

Na gangaro, rabi da ƙafa rabi da mazaunai, na tarar da Mansour kwance a inuwa yana danna waya.

"Mudir, ruwan gishiri suka ɗauka. Ka tura mota."

Ya ɗago ido. Na ga fuskarsa ta canza, don ya gane sarai. Amma ya ce: "Mota babu. Suna zuwa."

"Ka kira masu tseren da rediyonka su juya."

"Hajja, shiru. Sanoussi ji, matsala babba. Ni matsala, kai matsala." Ya nuna ni da yatsa. "Takarda kai akwai? Yarinya takarda akwai? Shurta zo, duka Nijar tafi."

Shurta su ne 'yan sanda. Ya san inda zai taɓa ni ke nan, don takardunmu sun daɗe da mutuwa. Na koma tanti. Na yi alwala, na kasa tuna raka'a nawa na yi. Ina ta ganin leɓen Ramatou. Tun tana ƙarama ba ta jure ƙishirwa, ko azumi sai ta yi kwance tun la'asar. Ina ta cewa a raina, yanzu sun buɗe, yanzu ta kurɓa ta tofar, yanzu ta kalli yaron, shi kuma ya gane abin da ya yi. Duk ƙarar da iska ta kawo sai in fito da gudu. Ba kowa.

Da la'asar mazan suka dawo, ƙura a gemu, suna ta shewa. Suka zube kan darduma a babbar rumfa, aka ɗora shayi. Na ji Sanoussi ya tambayi inda matarsa take. Na ji Mansour ya ce suna ɗaya tabkin suna hutawa, motoci biyu, ba damuwa. Har da dariya.

Rumfar nan mace ba ta shiga, balle baƙar kuku mai warin albasa. Larabcina kuma bai wuce na cefane ba. In na tsaya bayani Mansour zai rufe ni da surutu ya ce tsohuwar ta zautu. Sai na kewaya baya, na ɗauki bidon ɗaya na ruwan tabki, na ɗora a ka. Na shiga rumfar da takalmina, na taka dardumarsu, na dire shi a tsakiya har kofunan shayi suka yi tsalle.

Mansour ya miƙe: "Hajja! Barra!" Wato in fita.

Ban ko dube shi ba. Na ɗauki kofin da ke gaban Sanoussi, na watsar da shayin, na cika shi da ruwan nan, na miƙa masa. Ya dube ni, ya dubi kofin. Na ce da Hausa: "Sha." Ban sauke hannu ba. Ya karɓa ya kurɓa, ya feso shi kan rigarsa yana tari.

Na nuna rairayi. Na ce: "Khaula." Na nuna bidon. Na ɗaga yatsa ɗaya na ce: "Sayyara wahda." Mota ɗaya.

Ban taɓa ganin mutum ya tashi da sauri haka ba. Ya cakumi wuyan rigar Mansour, ya yi masa wata tambaya guda. Sai kowa ya ruga wajen motoci. Na jawo masu tsumma biyu da kaina, na jefa a motar Sanoussi, na shige gaba. Wani ya ce in sauka. Na ce sai dai a sauke gawata. Na danna musu saƙon Ramatou, wani shofer Batubbe mai jin Hausa ya saurara, ya ce ya san dabinan nan uku.

Aka sassauta iskar tayoyi, aka shiga. Ni da nake zagin masu wannan wasa, ga ni cikinsa. Mota ta hau tudu har ba ka ganin komai sai sama, sannan ta kifa kai ƙasa hanjinka ya taso maƙogwaro. Ina riƙe da ƙarfe ina salati da ƙarfi. Iska ta share sawun tayoyinsu sarai. Kowane tudu muka hau sai in ce a bayansa suke, mu leƙa, wayam. Rana tana sauka, tana yin ja. Na san in duhu ya rufa an gama nema sai gobe, kuma na san abin da ake tararwa gobe.

Batubben ne ya fara hango motar. Tana can ƙasan wani kwari, ta nutse har ciki, an tone gefenta an gaji. Bidon biyu a yashe, ɗaya a buɗe. Ba motsi.

Ban san yadda na sauka ba. Na same su a inuwar motar, an shimfiɗa musu kujerun baya an kare su da darduma. Khaula tana nishi. Ramatou idonta rufe, leɓenta ya tsage ya yi fari, kwallin ya zubo. Ba mayafi a kanta.

"Ramatou! Auta!"

Na jiƙa bakin zanena na matsa mata a baki. Shofer yana cewa kaɗan-kaɗan, Hajja. Maƙogwaronta ya motsa. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dube ni, abin da ta fara cewa shi ne: "Inna, bai sha ko ɗigo ba. Ragowar goran mu ya ba. Ya tafi neman rezo."

"Ta ina?"

Ta nuna da ido. Tuddai ne jere, duk kamarsu ɗaya.

Mazan suka bazu suna danna oda, suna kiran "Ya walad! Ya walad!" Wato "kai yaro". Wa zai amsa wannan? Ba su ma san sunansa ba. Na bar Ramatou a hannun Khaula, na kama tudun da ya fi kusa, na hau. A sama na tsaya, na cika ƙirjina, na kira sunan da aka hana ni kamawa.

"Siradji! Siradji ɗan Dakoro! Ni ce Saoudé! Ka amsa mini, don ubanka!"

Na kira har muryata ta dushe. Sai can, a gangaren tudu na gaba, wani jan abu ya ɗago, ya faɗi, ya sake ɗagowa. Mayafin Ramatou ne ɗaure a bakin shebur.

Da muka isa yana kwance rabin jikinsa cikin rairayi, ya tona rami ya shiga don zafi. Tafin hannunsa duk ya saɓule. Na durƙusa na tallafo kansa, na kai kofi bakinsa. Ku ji abin da yaron nan ya yi. Ya buɗe ido ya ga ni ce, sai ya kawar da fuska. Mutum yana bakin mutuwa, wai ba zai sha a gaban suruka ba!

Na kama haɓarsa na juyo da ita da ƙarfi. Na ce: "Kalle ni. Kalle ni nan, cikin ido. Ni na haifi wadda kake so, kuma ni na ce ka sha. In ka ƙara kauce mini a duniyar nan, ko a hanya ko a ɗakin girki, ban ba ka ita."

Ya sha. Yana sha yana hawaye, ni ma ina yi, ina zaginsa.

Dukansu suna raye, alhamdu lillahi. Ramatou tana ɗaki, ta fara cin abinci. Siradji hannuwansa na naɗe, ni ke ba shi fura a baki, kuma yana kallona.

Mansour kuwa ya kore mu duka uku. Don ya wanke kansa wurin masu ba shi baƙi, shi ne ya ƙaga cewa yaron satar motar ya yi ya gudu da yarinya, har ya biyo da maganar Tayuri ta bakin yaransa. Jiya ya turo mini saƙon murya: "Hajja, baki rufe. Shurta kusa." Shi kuma Mainassara, maimakon ya tsaya wa ɗiyar ɗan'uwansa, sai ya aiko wai an ɓata sunan gida, a mayar da gaisuwa, kuma wai na zubar da mutunci da na kama sunan suruki a gaban maza.

Ina jin tsoro, ba zan yi muku ƙarya ba. Ko mota ta tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa. Amma Khaula ta kira ni da kanta ta ce ita da mijinta za su zo su faɗi abin da suka gani, ranar Juma'a mai zuwa, a zauren shugaban 'yan Nijar na unguwarmu. An aika wa Mansour. An aika wa Mainassara.

Bidon ɗin nan da yaron ya ɗauka, na taho da ɗaya. Yana nan ƙarƙashin gadona, ban zubar da ko ɗigo ba. Ranar Juma'a zan dire shi tsakiyar zaure da kofi a kai. Duk wanda zai buɗe baki a kan ɗiyata ko a kan Siradji, sai ya fara shanye kofi guda, cike, a gabana.

Mainassara, kai ne babba. Da kai za a fara.